Ruwan da Ke Bin Ƙarƙashin Leda

Jiya da yamma ina bakin shago na ji ɗayanku yana cewa wai gyaran firji mai zubar da ruwa ba aiki ba ne, a zura waya a rami, a hura, shi ke nan. Ban tanka ba saboda akwai mai kaya a tsaye. Yau tun da an ɗauke wuta kuma babu kowa, ku jawo benci ku zauna. Na san abin da kuke ɗokin koya: ɗura gas, walda, canza inji, irin aikin da ake yi da ƙara da tartsatsi mutane na kallo. Za ku koya in Allah ya yarda. Amma a tsawon zamana cikin sana'ar nan, firjin da ya mutu bai taɓa wahalar da ni kamar mai zubar da ruwa ba. Wanda ya mutu kowa ya ga ya mutu. Mai zubar da ruwa kuwa yana sanyi, fitilarsa na kamawa, injinsa na gunaguni kamar lafiya ƙalau, alhali yana can yana ɓarna a inda ido ba ya kaiwa.

Firjin farko da aka bar ni na sa wa hannu na wani mai shayi ne, a shagon maigidana Malam Iliya a Unguwa Uku. Lokacin soja sun miƙa mulki karon farko, gari ya cika da tutocin jam'iyyu, ni kuma mahaifina bai daɗe da kawo ni daga ƙauye ba. Na daɗe a shagon aikina wanki da ɗauka da miƙo kaya, ko sukundireba ba a ba ni in riƙe. Ranar da aka kawo firjin mai shayin a kan kura, Malam Iliya ya kira ni ya tambaye ni daga ina ruwan yake fitowa. Na ce daga firjin. Ya dube ni ya ce firji ba rijiya ba ne, ba shi da ruwan kansa. Ya sa na durƙusa, ya nuna mini da yatsa. Duk sanda aka buɗe ƙofa iska mai ɗumi takan shiga, ta tarar da bango mai sanyi, ta zama raɓa ko ƙanƙara. In ta narke sai ta gangara ta bangon baya zuwa wani ɗan rami. Ramin na haɗe da siririn tiyo da ya fita ta baya, tiyon kuma yana zubawa a wani farantin roba da ke zaune a kan inji. Zafin injin ne ke busar da ruwan. Hanyar ke nan gaba ɗaya. Ya ce in ka ga ruwa a ƙasa, to wani wuri a kan hanyar nan an tare shi, ko an kauce masa, ko an yi masa yawa, kuma kada in kuskura in kwance ko ƙusa ɗaya kafin in san wanne ne. Na mai shayin ganyen shayi ne da ɓurɓushin burodi suka toshe ramin. Kafin a kira Azahar mun gama, amma darasin na nan tare da ni har yau.

Malam Iliya mutum ne mai ƙarancin magana da saurin hannu. Bai taɓa dukana ba, amma in na yi gaggawa sai ya karɓe kayan aiki ya ce in je in zauna in kalli firjin har sai na ga abin da ban gani ba. A wurinsa na ɗauki jakar nan da kuke raina wa. Ku duba abin da ke ciki: sukundireba, filaya, testa, tocila. Wannan wayar birkin keke ce, ta fi kowace waya bin lanƙwasar tiyo ba ta huda shi ba. Wannan babban sirinji ne marar allura, da shi ake tura ruwan ɗumi a wanke magudana. Ga tsumma, ga guntun katako na saka wa ƙafa, ga ƙullin bula irin ta masu wanki. Testa kuwa ita ake fara fitarwa, don ruwa da wuta ba sa zama wuri ɗaya lafiya. Na san wani abokin aikinmu a Tarauni da ya taka jiƙaƙƙen siminti ba takalmi ya dafa jikin firji. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma hannun nan bai ƙara riƙe filaya ba.

Akwai wata Hajiya mai zoɓo da kunun aya a Babban Giji da ta kira masu gyara kafin ni, kowa ya zo ya zura waya ya tafi, ruwa bai daina ba. Da na je na tarar ramin a buɗe yake, farantin ma lafiyarsa lau, sai dai ya cika yana ambaliya. Na sa guntuwar takarda a bakin ƙofa na rufe, na ja, ta zare ba ko tirjiya. Robar ƙofar ce ta saki daga ƙasa, iska na shiga dare da rana, firjin na tara ruwan da ya fi ƙarfin farantinsa. Ba magudana ba ce ta yi laifi. Wani direban tirela kuma da ya tare a Unguwa Uku ya sayi firji ɗan Kwatano, ya yi ta faɗa da matarsa wai ita ke zubar da ruwa a ɗaki. Na leƙa baya na ga babu farantin ma sam, tun a hanya ya faɗi. Shi ya sa nake ce muku ku tambayi masu gida kafin ku tambayi ƙarfe. Yaushe ya fara? Da safe ake gani ko da yamma? An matsar da shi? Me ake sawa a ciki? Ruwa ba ya tsami banza.

Shekarar da ta fi kowace muni a gare mu tana cikin ƙarshen mulkin soja na biyu. Man fetur ya yi wuya, layin motoci ya toshe titi, sannan taransifomar unguwarmu ta ƙone aka bar mu wata da watanni a duhu. Wa zai kawo maka firji ya gyara alhali ba wutar da zai sa masa? Na shiga gidajen da firji ya koma kabad, an jera kwanuka da kayan sawa a ciki. Na koma gyaran risho da fitilar ƙwai. Cikin waɗanda muka buɗe shaguna tare a layin nan, wasu suka kama acaɓa, wani ya koma gona, ba su dawo ba. Malam Iliya ma a shekarar ya rasu, aka raba kayan shagonsa, ni aka ba ni tocilarsa. Da wuta ta fara dawowa sai ga wani sabon aiki. Firjin da ya daɗe a kashe ɓeraye sun ci tiyonsa, kyankyasai sun yi gida a magudanarsa, roba ta bushe ta tsage. Gida bayan gida kuka ɗaya ne, ruwa a ƙasa.

Aikin da nake so ku ji da kyau shi ne na gidan Nasiru. Shekarar da soja suka sake miƙa mulki ne, ana dab da rantsar da farar hula, ƙarshen bazara. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse, gari ya yi gumi har riga na manne wa mutum. Nasiru ma'aikacin jinya ne a asibitin koyarwa, yana hayar ɗaki da falo a wani gida mai yawan jama'a a cikin Gyadi-Gyadi. Ya tsaya a shagona da hantsi yana dawowa daga aikin kwana, ya ce ƙofar firjinsu ba ta rufuwa sosai, ga kuma maganin mahaifinsa a ciki da ake so ya zauna da sanyi. Maganar ruwa bai yi ta ba sam. Na ɗauki jaka na bi shi.

Da muka yi sallama muka shiga, abin da na fara gani a tsakar gida wata siririyar katifa ce jingine da bango a rana. Tana da shatin jiƙa a tsakiya, sabo a kan tsoho. Matan gidan da ke wanke-wanke a bakin famfo suka amsa sallama ba su ɗago ba. Nasiru ya wuce katifar da sauri kamar bai gan ta ba.

A falon na tarar da mahaifinsa, Malam Garba, zaune a kan tabarma a jikin bango yana jan carbi. Dogon dattijo ne fari, amma ya rame har wuyansa ya yi tsawo, leɓɓansa sun bushe sun yi fari sun tsattsage. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da murya can ƙasa. Ɗakin na da wani wari mai kama da zarni da turaren wuta bai iya rufewa ba. Matar Nasiru, Hajara, ta kawo ruwa a kofin silba ta ajiye mini, ta kawo wani ta durƙusa ta miƙa wa surukinta. Ya girgiza kai. Ta ɗan jima a durƙushe da kofin a hannu, sannan ta tashi ta koma da shi bayan labule. A irin zafin nan ban taɓa ganin tsoho ya mayar da ruwa ba.

Matsalar ƙofar ba ta ɗauke ni lokaci ba. Firjin ya karkato gaba, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe. Na tambayi Nasiru ko an matsar da shi. Ya ce eh, ranar da Baba ya zo daga ƙauye za a yi masa aiki a asibiti, shi da wani maƙwabci suka ja shi daga wancan bangon zuwa wannan lungun don a samar wa Baba wurin kwanciya. Jin an ja shi a ƙasa ya sa na ce bari in leƙa baya. Na zare shi daga wuta, na jawo shi, na haska tocila. Farantin kan inji a bushe yake ƙayau, har ƙura ta kwanta a ciki. Firjin da ke aiki a irin wannan gumin ba ya barin farantinsa ya bushe haka. Na bi tiyon da ido, sai na gan shi ya zame daga farantin yana lilo, bakinsa na taɓa ƙasa daidai inda ledar ɗakin ta ƙare a gindin bango. Na cusa yatsa ƙarƙashin ledar, na fito da shi da yauƙi da wari. Ruwan nama da na kifi da duk abin da ya taɓa zuba a firjin nan ta nan yake bi.

Na goge yatsan da tsumma. Na miƙe na riƙa taka ledar da diddige a hankali, kamar mai neman abin da ya faɗi. Ƙarƙashinta na motsi. Na bi jikin bango, na ji ruwan ya karkata zuwa tsakiyar ɗaki, har na iso inda leda biyu suka haɗu, bakinsu ya ɗan ɗaga. A nan ne shatin katifa ya fito a kan ledar, wurin ya fi ko'ina haske saboda yawan gogewa. Na dubi wurin, na tuna abin da na gani a tsakar gida, na tuna kofin da aka mayar.

Na ce wa Nasiru ya zo ya taya ni duba wani abu a waje. A zaure na faɗa masa abin da na gani, ban ƙara ban rage ba, na ce ruwan firjinsu yana bin ƙarƙashin leda yana fitowa a inda ake shimfiɗa katifa. Ya jingina da bango. Sannan ya ba ni labari. Mahaifinsa limamin ƙauyensu ne, can bayan Rano, tun kafin a haifi shi Nasirun. Ciwon mafitsara irin na dattawa ya kama shi, aka yi masa aiki, aka yi nasara. Likita ya ce kwanakin farko zai iya samun ɗan ɗigo amma zai wuce. To sai bai wuce ba, a ganinsu. Dattijon yakan farka kafin Asuba ya ji katifa da zanensa a jiƙe, ya tashi ya wanke kayansa da kansa, ya fitar da katifar kafin mutanen gida su tashi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi. Da suka koma asibiti aka duba aka ce ba a ga komai ba, shi kuma da aka tambaye shi ya ce lafiya lau. Daga nan ya fara rage shan ruwa, daga La'asar ya daina sha, daga baya har da rana sai ya kurɓa kaɗan don haɗiyar magani. Wata rana a wayi gari katifar a bushe, sai ya ƙara tabbata cewa ƙishirwar ce ke aiki, ya ƙara matse kansa. Ya daina zuwa masallaci don gudun ɓata wa mutane tabarma. Abin da ya fi damun Nasiru shi ne, dattijon ya riga ya aika wani direban garinsu da saƙo cewa a tsayar da ɗalibinsa Malam Hamisu a limanci, shi tsufa ya zo masa. Ya san hukunci sarai, ya san mai lalura sallarsa ta yi, amma ya ce ba zai tsaya gaban masu lafiya ya ja su ba.

Na ce to ai sai mu shiga a gaya masa. Nasiru ya riƙe hannuna.

"Malam Ado, ni ne ɗansa na fari. Ko sunana ba ya kira. Yaya zan tsaya gabansa in ce, Baba, ba kai ba ne? In na faɗi haka, na gaya masa ke nan duk kwanakin nan ina sane."

Ya yi gaskiya. Hajara ba za ta iya ba, ita suruka ce. Ni kuma baƙo ne, in na buɗe baki da maganar na tona asirin da dattijon ya kusa kashe kansa wajen rufewa. Na tsaya ina tunani, sai na ga ai ba dole ba ne kowa ya faɗa. Na ce wa Nasiru ya bar mini, shi dai ya tsaya kusa, duk abin da na ce ya amsa kamar maganar firji kawai muke yi.

Muka koma. Na durƙusa gaban dattijon na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, zan ɗaga ledar ɗakin nan. Firjin nan ya daɗe yana zubar da ruwa ta ƙasa ba a sani ba. Ba sai ka tashi ba, daga nan ma ba zan dame ka ba."

Ya ɗaga hannu alamar in yi aikina. Muka naɗe ledar ni da Nasiru tun daga lungu har tsakiyar ɗaki. Warin ya taso gaba ɗaya. A kan simintin ga hanyar ruwan nan baƙa, da gansakuka a gefenta, ta fito daga bayan firji, ta bi gindin bango, ta lanƙwaso inda magini ya bar ɗan kwari a daɓen. Na sa tsumma na goge wurin tas ya bushe. Na karɓi buta, na kwance ƙullin bula na kaɗa a ciki har ruwan ya yi shuɗi sosai. Na mayar da firjin mazauninsa yadda na same shi, na buɗe ƙofa, na tsiyaya ruwan a ramin bangon baya.

Ya ɗan jima kafin ya fito. Sai ga shi ta ƙarƙashi, siriri, yana tafiya a hankali a gindin bango. Ina yi wa Nasiru bayani da ɗan ɗaga murya, irin yadda mai gyara ke yi wa mai kaya faɗa. Na ce ranar da suka ja firjin tiyo ya zame daga farantinsa. Na ce in aka ɗauke wuta da yamma, ƙanƙarar ciki takan kwana tana narkewa, kafin Asuba duk ta gangaro nan. Ranar da wuta ta kwana, ko ranar da aka yi kwanaki ba a kawo ta ba babu ƙanƙarar da za ta narke, sai a wayi gari wurin a bushe. Nasiru na cewa to, to, idonsa a ƙasa. Shuɗin ruwan ya iso kwarin, ya tsaya, ya fara taruwa yana faɗi, daidai inda bayan mutum zai kasance in ya kwanta a katifar.

Ƙarar carbin ta tsaya. Ban waiwaya ba.

"Ɗan nan," in ji Malam Garba, "sake zubawa."

Na goge wurin, na sake zubawa. Wannan karon ya dafa bango ya miƙe, Nasiru ya yunƙura zai kama shi ya dakatar da shi da hannu. Ya bi ruwan da ƙafa tun daga lungu, yana tafe yana kallonsa, har inda ya taru. Ya sunkuya ya taɓa shi da yatsa. Ya ɗaga gefen ledar da muka naɗe ya kai hancinsa, ya saki. Sannan ya tambaye ni tun yaushe yake haka. Na ce tun ranar da aka matsar da shi, Baba. Ya daɗe a tsaye yana duban firjin. Bai dubi ɗansa ba, ɗansa ma bai dube shi ba. Ya koma tabarmarsa ya zauna, ya ce mini Allah ya yi albarka. Can ya juya wajen labule.

"'Yar nan, ina ruwan da kika kawo ɗazu?"

Hajara ta fito da kofin. Ya karɓa ya yi bisimilla, ya sha a hankali yana tsayawa yana numfashi, har ya shanye, ya miƙa mata ya ce ta ƙaro.

Ni kuwa na koma kan aikina, don ba a gama ba. Na zura wayar birki na share tiyon, na tura ruwan ɗumi da sirinji har ya fito fes. Na wanke farantin, na mayar da bakin tiyon ciki na ɗaure shi da waya yadda ko an sake ja ba zai zame ba. Na miƙar da ƙafar da ta lanƙwashe, na sa katako a gaba don firjin ya ɗan kwanta baya, ƙofa ta riƙa rufe kanta. Na ce a fitar da ledar a wanke a shanya, a bar simintin ya sha iska kafin a mayar. Da muka fito da ledar tsakar gida, Nasiru ya tsaya ya yi wa matan gidan bayani da ƙarfi cewa firji ne ya yi ta zubar da ruwa yana jiƙa musu kaya, su ma kowa ya duba nasa. Wata dattijuwa a cikinsu ta ce ai dama waɗannan na'urorin ba su da amana. Kowa ya gane.

Amma ƙishirwar ta riga ta yi aikinta. Washegari Nasiru ya kai Malam Garba asibiti, aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa, aka ce ƙodarsa ta taɓu. Ya fito da sauƙi, ba dai kamar da ba. Bayan nan na riƙa ganinsa yana wucewa ta gaban shagon nan zai tafi masallaci, da sandarsa, cikin farar riga. Ranar rantsuwa ma a bencin nan ya zauna, muna jin rediyo tare da masu shaguna, kowa na faɗin abin da yake fata daga farar hula. Shi bai sa baki ba. Da aka watse ya tambaye ni yadda ƙarfe ke haifar da sanyi, na yi masa bayani iya sanina, ya saurara kamar ɗalibi. Maganar ranar nan kuwa bai taɓa tayar da ita ba, ni ma haka.

Nasiru ya so a warware saƙon da aka aika ƙauye. Shi ba zai iya faɗa ba, sai ya bi ta wajen ƙanen mahaifinsa. Amsar da aka kawo masa ita ce, Malam Garba ya ce ya riga ya yi magana, mutane sun tsayar da Malam Hamisu sun yi masa addu'a, ba zai janye mutum daga gaban sahu ba tare da laifin komai ba. Kuma in aka tambaye shi me ya canza, me zai ce? Da damina ta kankama ya koma gida. Nasiru ya ce mini kullum dattijon ne farkon zuwa masallaci, ya tsaya a sahun farko daidai bayan ɗalibinsa, in ɗalibin ya yi tuntuɓe a karatu ya ɗora shi a hankali.

Bayan kakar shekarar da ta biyo baya Nasiru ya zo shago da safe, ba kayan aiki a jikinsa, ya ce Baba ya rasu, ciwon ƙodar ne ya tashi. Na rufe shago na bi shi. Muka hau mota zuwa Rano, daga nan muka hau acaɓa muka bi ta cikin gonakin da aka girbe. Ƙauyen ƙarami ne, ko turken wuta ɗaya babu a cikinsa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan ƙarƙashin wata darbejiya, jama'a sun cika, daga garuruwan kewaye ma an zo. Na yi gaisuwa na sami gefe na zauna.

Wani tsoho da ke kusa da ni ya dube ni ya ga ba fuskar da ya sani ba ce, ya tambayi Nasiru ko ni abokin aikinsa ne daga asibiti. Nasiru ya ce a'a, mai gyaran firji ne daga Kano. Tsohon ya sake dubana, ya ce to me ya haɗa Liman da mai gyaran firji har ya taso tun daga Kano?

Nasiru ya dube ni. Na ce, "Wani ɗan aiki na taɓa yi masa, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya ba da lada. Can gaba Malam Hamisu ya gyara zama ya ɗaga hannu, muka ɗaga namu.